A Mayar Da Gogan Naka Zamanin Fatauci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da marubutan ƙagaggun labarai game da tauraron nan da masu karatu ba sa gajiya da shi, wato hatsabibi mai zaƙin baki, wanda ba shi da ko anini amma yake neman dukiya da 'yar masu gida a lokaci guda. A littattafan da nake gani yanzu kusan kullum a Abuja ko Dubai ake ajiye shi, alhali kuwa tarihinmu ya tanadar masa filin da ya fi wannan faɗi.

A ɗauke shi a sa shi cikin ayarin fatake masu zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, sayen goro a ƙarni na 19. Ya tashi daga Kasuwar Kurmi da jakin aro da turkuɗin da bai biya ba, ya yi watanni a hanya yana yi wa madugu daɗin baki, yana kaucewa kuɗin fito, yana rantse wa fatoma, wato mai saukar da fatake, a kowane zango cewa keso goma, wato buhu goma, na wuri suna biye da shi a baya. Idan ya isa Salaga, babbar cibiyar cinikin goro ta Gwanja, ya ƙyalla ido a kan 'yar mai masaukinsa, to labari ya kankama, musamman idan marubuci ya sa yaƙin basasar da ya watsa garin a 1892 ya rutsa da shi. Wanda bai son tafiya mai nisa yana iya tsayawa a Kano ta 1912, lokacin da jirgin ƙasa ya fara jigila, gyaɗa ta yi daraja, dillalai suka yi kuɗi dare ɗaya.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan nake tsoron za a yi kwana. Dukiyar wancan zamani ba goro da kanwa kaɗai ba ce, har da bayi, domin Salaga babbar kasuwarsu ce. Marubucin da ya sa mu dariya da dabarun gogan, ya ɓoye mutumin da aka ɗaure aka musanya da kaya, ya yi mana irin yaudarar tauraron nasa. A bar shi da farin jininsa, amma idan ya kai sadaki, a nuna mana abin da ya sayar ya haɗa shi.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya