Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Ɗauki Baburanmu Zuwa Sturgis

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya.

Alhaji, ban so maganar nan ta fito fili ba. Abin da ya sa na rubuto a inda kowa zai gani shi ne amsar da manajanku ya ba ni ranar Alhamis 9 ga Oktoba, 2025, da ƙarfe 4:20 na yamma. Na daɗe ina kira ana ce mini ya fita, ko yana salla, ko yana kan wani layin. Ranar sai ya ɗauka da kansa. Na gaishe shi, na faɗi lambar rasit, na tambayi inda aka kwana game da takardarmu ta neman diyya. Ya ce: "Malam, da girmanka kake ta damun mutane a kan babur? Yawon shaƙatawa fa kuka je, ba aikin Hajji ba. Kaya sun je, sun dawo, sai ku yi haƙuri." Na ce masa takardar makaniki tana hannuna, in yana so in karanta masa. Ya ce, "Ka kai inda za ka kai," ya kashe waya. Na sake kira nan take, ba a ɗauka ba, kuma har yau ba a ɗauka.

To ga shi na kawo gabanka, da gaban jama'ar da kuke yi wa talla.

Mu huɗu ne, duk mazauna Bronx a birnin New York, 'yan wata ƙaramar ƙungiya ta mahaya babura. Tun 2024 muka ɗaura niyyar halartar taron mahaya babura na Sturgis na 2025, karo na 85, daga 1 zuwa 10 ga Agusta. Tun da manajanku ya raina tafiyar, bari in faɗa masa abin da ya raina. Sturgis ƙaramin gari ne a jihar Dakota ta Kudu, mutanensa ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba, amma duk watan Agusta mahaya dubu ɗaruruwa ke sauka a cikinsa. A 1938 ƙungiyar Jackpine Gypsies ta fara taron, ƙarƙashin Clarence Hoel mai sayar da baburan kamfanin Indian, kuma a 2015 mahalarta sun haura 700,000. Duk mai babur a Amurka yana da burin ya ga ranar da zai ajiye nasa a babban titin garin, inda ake hana motoci shiga, babura su jeru gefe da gefe har da tsakiyar titi. Nasa fa, wanda ya sha wahala ya saya, ba na haya ba.

Daga New York zuwa can ya fi mil 1,700. Dukanmu masu aiki ne, hutun da aka ba mu ba zai ishe mu tuƙawa zuwa da dawowa ba, shi ya sa muka nemi mai tirela. Kamfanoni da yawa suna wannan aikin. Mun zaɓe ku ne saboda tallarku da ake rabawa a ƙofar masallaci bayan Juma'a, da Hausa, an rubuta "namu na kanmu". Babban cikinmu, wanda muke kira Yaya, shi ya ce gara kuɗin ya shiga aljihun ɗan gida.

Mun yi ciniki a kan dala 950 kowane babur, zuwa da dawowa, jimla dala 3,800. Ranar Asabar 14 ga Yuni, mako guda bayan Babbar Sallah, na kai kafin alƙalami dala 1,900 ofishinku. Ranar 26 ga Yuli muka kai baburan farfajiyarku muka cika ragowar. An rubuta a rasit, da hannun manajan nan, cewa za su isa Rapid City, birnin da ke kusa da Sturgis, ranar Alhamis 31 ga Yuli, a cikin rufaffiyar tirela, da inshora. Rasit ɗin yana nan.

Mun sauka Rapid City ranar 31, babu babura. Aka ce gobe. Gobe aka ce direba ya tsaya a Ohio gyaran taya. Daga baya wani ya ce mana a waya yana Iowa, wani kuma a wannan yinin ya ce bai ma bar Pennsylvania ba. Na nemi lambar direban aka ce ba a bayarwa. Haka muka yi ta zama a masauki da hulunan kwanonmu a kan gado, ƙarar babura tana shigowa ta taga dare da rana, mu da muka zo dominsu muna hawa motar haya.

Abin da ya fi ci mini rai ranar Litinin 4 ga Agusta ne. Ranar ƙungiyoyin da muka yi alkawari da su suka tsara hawan hanyar Iron Mountain, mil 17 mai lanƙwasa 314, da ramuka uku da aka fasa cikin dutse ta yadda in ka leƙa ta cikinsu za ka hango fuskokin shugabannin Amurka da aka sassaƙa a Dutsen Rushmore. Daga nan a gangara gandun Custer, inda garken ɓauna ke tare hanya sai sun ga dama su wuce. A makon taro samun babur na haya sai an sha wuya. Da ƙyar muka samu biyu, dala 320 kowanne a yini, muka riƙe su kwana uku, dala 1,920 ke nan daga aljihunmu. Mutum huɗu, babur biyu. Yaya mutum ne da ya haura shekara sittin, tasi yake tuƙawa da dare, a hankali ya tara kuɗin babur ɗinsa, da hannunsa yake goge shi duk Lahadi. Shi na goya a bayana muka hau dutsen nan. Da muka tsaya a bakin ramin farko kowa yana ɗaukar hoto kusa da abin hawansa, shi sai ya koma gefe ya zauna a kan dutse, ya cire safar hannu yana ninke ta yana warwarewa. Bai ce komai ba, kuma bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Wannan shi ne abin da manajanku ya kira yawon shaƙatawa.

Sai daren Laraba 6 ga Agusta baburan suka iso, taro ya wuce rabi. Kuma ba a rufaffiyar tirela ba. A buɗaɗɗiya suka zo, tare da wasu motoci biyu, sun sha ƙura da ruwan hanya. Nawa an ɗaure shi da igiya ta kan tanki, babu ko tsumma a tsakani, tankin ya lotse, fenti ya kware tsawon tafin hannu. Madubin hagu ya karye, hannun kuloci ya lanƙwashe. Na Yaya salansa ta goge da ƙarfen tirela. Na haska da fitilar waya na ɗauki hoto, na sa direban ya rubuta ɓarnar a takardar lodi ya sa hannu, ya kuwa sa ba gardama. Bawan Allah ne, ban da ƙorafi a kansa. Shi ne ma ya faɗa mana cewa ranar 2 ga Agusta aka ba shi kayan, kuma bai taɓa jin sunan kamfaninku ba.

A nan hankalina ya tashi. Doka ta wajabta wa motar da ke dakon kaya tsakanin jihohi ta rubuta sunan kamfani da lambar rajistar ma'aikatar sufuri a gefenta. Na duba ƙofar motar, sunan wani kamfani ne daban, lamba daban. Ashe lokacin da ake ce mana direba yana Ohio, baburanmu suna jibge a farfajiyarku kuna neman wanda zai ɗauka da araha.

Dawowar ma an yi jinkiri, sai ƙarshen Agusta muka karɓe su, amma wannan na bar shi. Makaniki ya yi lissafin gyaran babura biyun dala 2,740. Ranar Talata 2 ga Satumba na kai takardar neman diyya ofishinku da hannuna, da hotuna da kofin takardar lodi, sakatarenku ya sa hannu ya karɓa. Ƙa'idar gwamnatin tarayya ta ce mai dakon kaya ya amsa irin wannan takarda a rubuce cikin kwana 30, kuma cikin kwana 120 ya biya, ko ya ƙi, ko ya kawo tayin sulhu. Kwana 30 sun wuce, ko layi ɗaya ban gani ba.

Ga abin da muke nema. Kuɗin zuwa, dala 1,900, tun da ba ku kai a ranar da kuka rubuta ba, ba kuma a irin motar da kuka rubuta ba. Kuɗin haya dala 1,920, da na gyara dala 2,740. Jimla dala 6,560. Ba mu sa kuɗin motocin haya ba, ba mu sa hutun da ya tafi a banza ba. Muna kuma son sunan kamfanin inshorar da aka ambata a rasit, da lambar yarjejeniyar. Sannan manajanku ya kira Yaya ya ba shi haƙuri da bakinsa.

Bayan haka akwai tambayar da ba tamu mu kaɗai ba ce. Ku masu dakon kaya ne ko dillalai? In dillalai ne, dillanci sana'a ce ta halal, amma sai an faɗa wa mai kaya, kuma doka ta ce dillali ya yi rajista da hukumar FMCSA, wadda ke kula da motocin dakon kaya a Amurka, ya ajiye lamunin dala 75,000. Ku nuna mana taku rajistar. Tun da na fara ba da labarin nan a majalisa, mutane suke tare ni: wannan motarsa ta yi makonni ba a san inda take ba, wancan kayan gidansa sun iso a farfashe. Kowanne ya ce an ce masa ya yi haƙuri, ai duk gida ne, kuma ya yi shiru don kada a ce ya kai ɗan'uwa ƙara wajen Bature. Na fara zargin cewa a kan wannan kunyar tamu kuka gina kasuwancinku. Kuna zuwa ƙofar masallaci ne domin kun san a can za ku samu mutanen da za su biya ba su nemi ganin lasisi ba, in an cuce su kuma su haɗiye.

Mu ba za mu haɗiye ba. Muna jiran amsa a rubuce zuwa ranar Juma'a 24 ga Oktoba. In ba ta zo ba, zan shigar da ƙorafi a hukumar FMCSA, in kuma kai magana kotun ƙananan ƙararraki ta birnin New York, wadda ke sauraren da'awa har ta dala 10,000. Zan kuma roƙi kwamitin masallaci ya dakatar da raba tallarku har sai kun kawo takardunku an gani, kuma waɗanda suka tare ni da nasu labarin sun ce za su zo su faɗa da bakinsu.

Wassalam,

Ɗaya daga cikin masu babura huɗun,
Bronx, New York