Rahoton Sakatare kan Ayyukan Shekara, Gombe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da na jinya, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara.

Alhamdu lillahi, zaman karatunmu na wata-wata bai yanke ba, sai a watan azumi da muka ɗage shi zuwa bayan sallah. 'Yan uwanmu na Kaltungo da Bajoga da Kumo sun yi ta zuwa duk da tsadar mota, Allah ya saka musu da alheri. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi.

Abin da ya ci mana rabin shekara tambaya ce guda, daga bakin wata 'yar uwa mai aiki a sashen masu cuta mai karya garkuwar jiki, wato HIV. Ta ce tana ganin mutum yana shan maganinsa ba fashi, awo ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta, amma sai ga ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki tun bai manyanta ba. Me ke faruwa a jijiyoyinsa? Neman amsa ne ya kai mu ga sinadaran manne da ke yawo cikin jini.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba: cikin kowace jijiyar jini akwai wata siririyar shimfiɗa. Idan kumburi ya tashi, shimfiɗar nan takan fito da sinadarai irin su E-selectin da ICAM-1 da VCAM-1 don ta tare fararen ƙwayoyin jini masu wucewa. Ba zan manta ranar da wani dattijo cikinmu ya shigo da ƙarangiya a takarda ba. Ya goga ta a hannun rigarsa ya ce, "Kun ga yadda ta kama tana saki? Haka E-selectin ke rage wa farar ƙwaya gudu, tana mirginawa." Sannan ICAM-1 da VCAM-1 su riƙe ta gam kamar danƙo, har ta ratsa bangon jijiya ta shiga nama. Wasu daga cikin sinadaran nan sukan gutsure su faɗa ruwan jini, kuma waɗannan gutsattsarin ne ake aunawa da gwajin ELISA. Yawansu alama ce shimfiɗar jijiya tana cikin wahala.

A jikin mai HIV da bai fara magani ba, sukan hau sosai, musamman VCAM-1. Idan ya fara magani sai su sauka, amma a jikin wasu ba sa komawa daidai da na wanda ba shi da cutar. Wato wuta ta mutu, garwashi na nan. Ba wannan ragowar kumburi kaɗai ne dalilin ciwon zuciyarsu ba, domin taba sigari da hawan jini da ciwon suga duk suna da nasu hannu, amma ya ba 'yar uwarmu rabin amsarta.

Mun kuma karanta binciken SMART, wanda ya haɗa mutum sama da 5,000 a ƙasashe 33. An gwada ba wasu hutun magani idan garkuwarsu ta farfaɗo. A watan Janairun 2006 aka dakatar da wannan tsari, saboda masu hutun sun fi mutuwa, kuma sun fi kamuwa da manyan cututtukan zuciya da ƙoda da hanta. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa kowa magani da zarar an gano cutar. Wannan ne ya sa zuciyata ke sosuwa idan na ji majiyyaci ya ce, "Malam, na ji sauƙi, bari in ɗan huta da ƙwaya." A Najeriya, inda binciken 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 na ɗauke da cutar, wannan magana ba ƙarama ba ce.

An yi muhawara mai zafi kan ko mu nemi a riƙa yi wa majiyyata gwajin sinadaran manne. Ni ina tare da waɗanda suka ce a'a. Gwajin bincike ne, ba ya gaya wa likita ya sauya magani. Ga shi zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga ICAM-1, to a Gombe da damina wa zai rarrabe? Kada mu sa talaka ya sayar da akuyarsa a kan awon da ba zai amfane shi ba.

Dole in faɗi inda muka gaza. Mun so mu koyi gwajin da hannunmu, muka tara ruwan jini da izinin masu shi da na hukuma, muka adana a firiza. Wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, man janareta ya ƙare, samfuran suka narke. Zubar da su muka yi, domin sakamakon samfurin da ya lalace ba abin dogaro ba ne. Abin ya yi mana ciwo, kuma laifinmu ne da ba mu sa mai duba firizar kullum ba.

Ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, mun fita wayar da kai, kuma a bana mun tafi da na'urar awon hawan jini, ba kayan gwajin HIV kaɗai ba. Badi in Allah ya kai mu, kwamiti na roƙon kowane mamba ya tabbata an auna hawan jinin duk wanda ya zo karɓar magani, a rubuta a katinsa. Masu bashin kuɗin wata-wata kuma su ga ma'aji kafin a tashi, da shi za mu fara tara kuɗin sola na firiza.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya