Kafin ku zaɓi yaren shirye-shiryen kwamfuta

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu tambayar wane yare za su kama, ku fara duba kayan aikin da kamfanin na'urar ya tanada.

Mai son haɗa manhajar iPhone, Apple ya fito da yaren Swift tun 2014, amma Xcode, wato kayan aikin Apple na haɗa manhajar, sai a kwamfutar Mac yake aiki. In ba ka da ita, ka ga an tsaya. A Android kuwa, Google ya fifita yaren Kotlin tun 2019, kuma Android Studio, wato kayan aikin haɗa manhajar Android, kyauta ne.

Masu harkar ƙananan na'urori, yawancin kamfanoni da yaren C suke ba da kayan aikinsu. Yaren Rust na da daɗi, ba musu, amma ku tabbatar akwai tallafinsa ga guntun kwamfuta (chip) da kuka saya kafin ku fara.