Gaisuwar Babbar Sallah ta 2023 daga tekun Abijan

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan an yi Sallah lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. A gaishe min da Inna da Yaya da iyalinsa, da duk mutanen layinmu na Agege. Yaya ya ce bana kuɗin rago ba a magana. Idan abin da na turo bai isa ba a faɗa min cikon, kada a yi kara.

Inna ta aiko saƙon murya tana faɗa, wai Abijan zuwa Legas bai kai awa biyu a jirgin sama ba, me ya riƙe ni? Gaskiyarta, amma bari in yi bayani, Baba ka taya ni ba ta haƙuri.

Ka tuna 2018, da aka jawo katafaren jirgin tara ɗanyen mai na filin man Egina daga Koriya ya yi watanni a Tarkwa Bay ta Legas ana ƙarasa haɗa shi? An gano man Egina a 2003, bai fara fita ba sai ƙarshen 2018. Wannan filin man na cikin teku da muke aiki a kai, Baleine, a Satumban 2021 aka gano shi, kuma so ake mai ya fito kafin ya cika shekara biyu. Shi ya sa ba a tsaya ƙera sabon jirgi ba, tsoho aka gyara a Dubai aka kawo. Ayyukan da aka saba yi ɗaya bayan ɗaya, nan a tare ake yin su: masu haƙa rijiya na nasu, masu shimfiɗa bututu na nasu, mu kuma muna haɗa komai da jirgin. Mutum ɗaya ya makara, kowa ya tsaya, ga jiragen haya ana biyansu kullum ko sun yi aiki ko ba su yi ba.

Zurfin ruwan ya haura mita 1,000, ɗan Adam ba ya nutso can. Wata na'ura mai hannaye da kyamara ake saukarwa, muna zaune a ɗaki mai sanyi muna kallon allo tana ɗaure bututu cikin duhu, wani lokacin kifi ya gifta ya tare mana hoton. In an gama, sai mu cika bututun da ruwa, mu matsa shi fiye da ƙarfin da mai zai zo da shi, mu sa wa ma'auni ido kwana guda cur. Allurar ta sauka ko kaɗan, sai an gano dalili. Haka muke bin kowane bawul, wato makullin bututu, na kashe gaggawa da kowace na'urar jin ƙanshin gas, ɗaya bayan ɗaya, kafin in sa hannu a takarda. Kullum da safe waya na zuwa daga tudu ana tambayar yaushe. Ni dai na ce musu a rage lokaci a ko'ina, ban da nan, don sauri kan haifi nawa. Ga damina, igiyar ruwa ta yi ƙarfi, wata rana ƙugiya ba ta ɗaga komai.

Idi a cikin jirgi muka yi, mu da wasu 'yan Senegal da Indunusiya. Sai da muka tambayi matuƙi inda alƙibla take, don jirgin kan juya ya fuskanci igiyar ruwa. Kuku ya yi ƙoƙari, ya gasa naman firji ya haɗa mana da aceke, garin rogon da mutanen nan ba sa rabuwa da shi.

Da zarar an buɗe rijiyar farko komai ya daidaita, in sha Allahu zan taho. A ce wa Auta na ga sakamakon jarrabawarsa, ya ƙara ƙwazo a lissafi. Intanet ya fi kyau bayan Isha'i, a kira ni lokacin. Baba, a sa mu cikin addu'a.

Wassalam,
Ɗanka