Tiyatar gyaran fatar ido: kada garin neman gira a rasa ido

Malam Edita, assalamu alaikum, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana mata, har ma da mazan tunda su ma yanzu sun shigo layi, a kan tiyatar gyaran fatar ido ɗin nan da ake ta talla a Instagram da TikTok, wai ki biya kuɗi a haɗa miki jirgi da otal da aiki a Istanbul ko Alkahira ko Dubai, kwana kaɗan ki dawo fuska ta koma ta yarinta. Ni na daɗe ina aikin nas a sashen ido, kuma tunda abin ya fara yawa kullum sai wata ta kira ni ta ce Anti ya kike gani, in je?

Abin ya yaɗu sosai fa. Ƙungiyar likitocin kwalliya ta duniya ISAPS ta ce a 2024 wannan aikin ne ya fi kowace tiyatar kwalliya yawa, sama da miliyan 2, har ya wuce zuƙe kitse. A Koriya ta Kudu da Japan galibi ninki ake yi wa fatar saman ido, mu kuwa namu abu biyu ne ke kai su, fatar sama da ta saki ta rufo, da jakar nan da ke tasowa a ƙasan ido. Aikin kansa awa ɗaya zuwa biyu ne, a tsaga daidai ninkin fatar sama a rage fata da ɗan kitse, na ƙasa kuma a bi ta ƙarƙashin gashin ido ko ta ciki, wani lokacin allurar kashe wuri kawai ake yi ba a sa mutum barci, bayan kamar sati a cire zare. A hannun wanda ya iya yana kyau, na ga tsofaffin da fata ta tare musu gani aka yi musu suna ta sa albarka.

Toh amma abinda nake roƙo shi ne kafin a je wajen mai kwalliya a fara zuwa wajen likitan ido, don ba duk idon da ya rufo ba ne fata ta yi masa yawa. Wani naman da ke ɗaga fatar ne ya yi rauni, wannan aikinsa daban ne, ko an yanke fata idon na nan a lumshe. Wani girarsa ce ta sauko. Kumburin ƙasan ido kuma yana iya zama ciwon ƙoda ko matsalar maƙoƙo ko alaji, kin ga idan ƙoda ce aka yanke jakar an ɓata lokacin da ya kamata a kama ciwon da wuri. Idan kuwa rana ɗaya ido ɗaya ya rufo, ballantana da ganin abu bibbiyu ko ciwon kai, wannan asibiti za a nufa a ranar. Sannan baƙin da ke zagaye ido da tamojin gefen ido tiyatar nan ba ta cire su, 'yan talla ba sa faɗa.

Abinda ya fi damuna shi ne bushewar ido. Fatar nan ita ke shafa hawaye a kan ƙwayar ido duk ƙiftawa, ita ke rufe ta idan an yi barci, idan likita ya zarce wajen yanka ko da kaɗan ne idon ba zai rufu ruf ba. Na ga wata baiwar Allah da aka yi wa haka a waje, in ta rufe ido sai ka hango farin ta ƙasa, kullum da daddare sai ta matsa man ido ta manne fatar da filasta kafin ta kwanta, da asuba ido ja wur yana mata kamar an watsa yashi, tana kuka tana cewa Anti da na sani. Gyaran irin wannan sai an yanko fata daga wani wuri, kamar bayan kunne, an dasa, kuma da wuya ya koma yadda yake. Ku haɗa wannan da iskar hunturunmu da ƙurar Disamba da Janairu da fanka da hayaƙin itace. Duk mai fama da bushewar ido tun asali, ko wanda aka taɓa yi wa aikin leza don ya daina sa tabarau, wallahi ya faɗa wa likita tun kafin a kai ga maganar kuɗi.

Sai jini. Da wuya yake faruwa amma yana faruwa, jini ya taru a bayan ƙwayar ido ya danne jijiyar gani, galibi a ranar farko, kuma idan ba a buɗe an sassauta cikin awa ɗaya ko biyu ba ganin na iya tafiya har abada. Alamarsa ciwo mai tsanani, ido ya turo waje ya yi tauri, gani ya dusashe. Shi ya sa ake tambayar hawan jini da suga, da ko mutum na shan magungunan da ke hana jini tsayawa da wuri, irin su asfirin ko ibuprofen ko warfarin, har da haɗe-haɗen gargajiya da na kayan mata, kar a ɓoye don kunya, kuma kar a daina maganin da likitan zuciya ya rubuta sai da izininsa. Taba da shisha a ajiye su makonni kafin aiki. Masu shafa man bilicin ma su faɗi gaskiya, da yawan mayukan akwai sinadarin sitiroyid a ciki wanda ke sa fata ta yi siriri ciwo ya ƙi warkewa da wuri, mu kuma baƙar fata dama tabonmu ya fi saurin yin duhu.

To yanzu wadda ke ɗakin otal a ƙasar da ba ta jin yarensu, ejan ya karɓi nasa ya kashe waya, wa za ta kira ƙarfe biyun dare? Ba na cewa babu ƙwararru a can, akwai su sosai, amma tafiya waje kaɗai ba ta sa aiki ya yi kyau. Manyanmu ba su manta da Stella Obasanjo ba, matar shugaban ƙasa ce, ta rasu a Sifen a Oktoban 2005 bayan tiyatar zuƙe kitse, har kotun can ta yanke wa likitan hukunci a 2009. A nan gida muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da asibitocin koyarwa, kuma likitocin idonmu sun saba da fatar ido saboda aikin amodari da suka daɗe suna yi wa waɗanda gashin ido ya juya musu ciki. A je su auna gani da hawaye da hawan jinin ido tukuna. Wanda zai yi aikin kuma, likitan ido ne da ya ƙware a fatar ido ko likitan tiyatar gyaran jiki, a tabbatar yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ba mai shagon gyaran fuska da ta sa farar riga ba.

Ta fuskar addini ni ba malama ba ce, amma malamai sun bambanta tsakanin cire lalura ko aibi da kuma canza halitta don ado kawai, suna kafa hujja da Arfaja wanda aka sare wa hanci a yaƙi Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare, kuma majalisar fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta yi matsaya a kan haka a zamanta na Malesiya a 2007. Kowa ya kai takardar likitansa wajen malaminsa ya tambaya.

Wadda ta gama duk wannan ta ce za ta yi, ta sani za ta yi sati ɗaya zuwa biyu da kumburi da taruwar jini, ainihin yadda idon zai zauna kuwa sai bayan watanni, don haka kar a sa aikin saura wata ɗaya biki. Ba kwalli ba gashin ido na kanti sai likita ya ce, ba sunkuyo ba ɗaukar kaya, a kwanta da filo biyu, a tambaye shi yadda za a yi da alwala da sujada a kwanakin farko. Kuma kar ta sa hannu a takarda sai likitan ya nuna mata hotunan baƙaƙen fata da shi da kansa ya yi wa aiki bayan wata shida, ya faɗa mata wa zai biya idan aka koma gyara, ya kuma ba ta lambar da za a ɗaga da tsakar dare.

Na gode Malam Edita, Allah ya bar zumunci.

Daga wata ma'aikaciyar jinya mai karanta jaridarku, Kaduna.