Wasiƙa daga Kambirij ta Ingila zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya ƙarfin jikin Abba? Ki gaishe min da Inna da Baba sosai, kice musu lafiyata ƙalau sai dai sanyi da duhu tun ƙarfe huɗu na yamma.

Inna ta ce in faɗa mata gaskiya wai likita nake karanta ko kwamfuta, to ki zauna ki karanta mata wannan. Furotin nake nazari, irin sinadaran dake yin kusan duk wani aiki a jikin mutum. Kowanne jere ne na amino asid, iri 20 ne gaba ɗaya, kamar ƴaƴan carbi a zare, sai jeren ya naɗe kansa ya zama wata siffa, siffar nan kuma ita ce aikinsa. Ni bana taɓa jini ko allura, wuni nake gaban kwamfuta ina rubuta umarni da yaren kwamfuta na Python ina tura lissafi zuwa manyan injinan jami'a, wani lokacin sai sun kwana suna aiki kafin su nuna min yadda furotin ɗaya ya motsa cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Yaya abinda ya riƙe ni a nan ciwon sikilar Abba ne. A garin nan masani Max Perutz ya gano siffar himogulobin, furotin ɗin dake ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, bayan ya shafe sama da shekara 20 a kai, har ya samu lambar yabo ta Nobel a 1962, kuma nan ɗin ne Vernon Ingram ya nuna cewa bambancin jinin mai sikila da na sauran mutane amino asid ɗaya ne tak. Jeren himogulobin ɗin da abin ya shafa yana da amino asid 146, na 6 ɗin ne ya canza, wani mai suna balin ya zauna a gurbin mai suna gulutamik asid, shi kuma balin baya son ruwa sai ya sa himogulobin ya manne da maƙwabcinsa duk sanda jini ya sauke iskar oksijin, su yi ta jeruwa su zama dogayen sanduna har ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta toshe jijiya. Kukan da yake kwana yana yi daga nan ya samo asali.

Yanzu akwai manhajar AlphaFold da ƴan kamfanin DeepMind suka yi a Landan, tana hasashen siffar furotin cikin mintuna, siffofi sama da miliyan 200 suna ajiye kyauta a intanet, waɗanda suka yi ta sun samu Nobel a 2024 tare da David Baker. Amma bata iya faɗin me canjin amino asid ɗaya zai jawo ba, nan ne nake aiki, ina gwada ƙananan sinadarai ko wani zai hana mannewar.

Don Allah kar a ce a gari na gano magani, ban gano ba, hanyar da nisa. Ki ci gaba da kai shi kilinik, ya sha ruwa da yawa, kar a fasa maganin da likitansa ya rubuta saboda maganar kowa.

Sannan kice ma Auta ya riƙe lissafi da kemistiri, laftof da data sun ishe shi ya fara, zan turo masa darussan da na fara da su ranar Juma'a in sha Allah.

Ƙaninki.