Sanarwa kan taswirar tudu da kwari ta filin ciyawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu haɗa filin ciyawa a Blender, manhajar zanen 3D, ku ɗauko taswirar tudu da kwari, wato hoton da haskensa ke nuna tsayin ƙasa, a nau'in fayil na EXR ko PNG mai bit 16. Mai bit 8 matakan haske 256 kawai gare ta, shi ya sa gangare ke fitowa hawa-hawa kamar matakala. Ku sa saitin launin taswirar a Non-Color, in ba haka ba tsayin zai karkace. Shimfiɗar ƙasar kuma a rarraba ta sosai ɗigoginta su yi yawa, don ɗigogin da ke jikinta kaɗai taswirar ke motsawa. Ma'aunin tsakiya, wato matakin hasken da ƙasa ba ta hawa ba ta sauka, ku sa shi 0.5, tsayi ku fara da kaɗan. Ciyawar da ke kusa da kyamara dai a dasa ta daban, taswira ba ta iya fitar da siririn ganye, sai tsinke-tsinke marasa kyau.